Digirin Digirgir a Mahaɗar Linzami da Koyo

Duk wanda ya taɓa zama kusa da janareta ya san wannan sautin. Da zarar an jona dutsen guga, ko injin firiji ya tashi, sai muryar janaretan ta yi ƙasa kamar ta wanda aka ɗora wa buhun gero, kafin ƙiftawar ido kuma ta koma yadda take. Babu wanda ya taɓa shi. Wani ɗan ƙarfe ne a cikinsa, wanda makanikai ke kira gwamna, ya ji gudun injin ya ragu, ya ƙara buɗe wa fetur hanya. Ƙaramin janareta irin na shago sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da wutar da kayan gida ke so, kuma aikin gwamna ke nan, ya tsare wannan adadi. In aka saita shi ba daidai ba, sai a ji injin yana haki, ya hau ya sauka, ƙwan fitila yana haske yana dushewa.

Daga wannan hakin aka samu ilimi guda sukutum, wanda jami'o'i ke kira ilimin sarrafa na'urori, injiniyoyi kuma su ce kwantirol. A 'yan shekarun nan ya haɗu da wani fannin da duniya ke ta magana a kansa, wato koyon na'ura ta hanyar ƙididdiga, wanda shi ne ƙashin bayan ƙirƙirarriyar basira. A mahaɗar su biyun ne jami'o'in Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa ke buɗe guraben digirin digirgir, da yawansu kuma da albashi.

Auna, kwatanta, gyara

A 1788 James Watt ya sa wa injinsa mai aiki da tururi gwamna mai ƙwallaye biyu masu juyawa. Injinan sun yi aiki, amma wasunsu sukan kama haki ba tare da an san dalili ba. Sai a 1868 James Clerk Maxwell ya rubuta maƙala a kan gwamnonin inji, ya nuna da lissafi lokacin da inji zai natsu da lokacin da zai yi ta tangaɗi. Sirrin yana cikin matakai uku da ake maimaitawa ba tsayawa: a auna abin da ke faruwa, a kwatanta shi da abin da ake so, a gyara. Mai keke haka yake yi da kan kekensa, mai doki haka yake yi da linzami. Wahalar tana wajen sanin gwargwadon gyaran. In ya yi kaɗan, ba a isa inda ake so ba. In ya yi yawa ko ya makara, sai a zarce, a dawo, a sake zarcewa.

Kundin digirin digirgir ɗaya ya isa ya nuna darajar bincike a wannan fanni. A 1892 Aleksandr Lyapunov ya kare kundinsa a Jami'ar Mosko a kan natsuwar abubuwa masu motsi, kuma har yau da hanyarsa injiniyoyi ke tabbatar da cewa jirgin sama ko mutum-mutumi ba zai ƙwace wa mai shi ba. A 1960 Rudolf Kalman, haifaffen Hungary da ke aiki a Amurka, ya fito da dabarar tace awo mai gurɓata domin a gane ainihin inda abu yake da saurinsa. Stanley Schmidt na hukumar NASA ya ɗauke ta ya sa a lissafin tafiyar kumbon Apollo zuwa duniyar wata. Yau irin wannan tacewar tana cikin wayar hannu, tana taimaka wa taswira ta nuna inda mai wayar yake.

'Yan gida ɗaya

Injiniyan kwantirol yakan fara ne da rubuta lissafin da ke bayyana yadda abu ke motsi: nauyinsa, ƙarfin da ke tura shi, abin da ke danne shi. Mai koyar da na'ura kuwa misalai yake tarawa. Yakan ba kwamfuta hotuna dubbai, ko bayanan marasa lafiya, ko tarihin farashi, ya bar ta ta zaƙulo ƙa'idar da kanta. Ƙididdiga tana shigowa da tambaya mai nauyi: misalai nawa ne suka isa a yarda cewa abin da na'urar ta koya zai yi aiki a kan abin da ba ta taɓa gani ba?

Waɗanda suka fara ba da amsa mai ƙarfi su ne Vladimir Vapnik da Alexey Chervonenkis, a ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1971, kuma a cibiyar binciken kwantirol ta birnin Mosko suke aiki. Haka nan dabarar da Richard Bellman ya ƙirƙiro a shekarun 1950 don yanke shawara mataki bayan mataki, ita ce tushen koyon na'ura ta hanyar gwaji da lada, inda kwamfuta ke gwada abu, ta ga sakamako, ta gyara. Richard Sutton da Andrew Barto, waɗanda suka raya wannan reshe, sun samu lambar yabo ta Turing a watan Maris na 2025. Fannonin biyu 'yan gida ɗaya ne da suka rabu, kowa ya kama sana'arsa, yanzu kuma bukata ta sake haɗa su.

Kowannensu yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Kwantirol yana ba da tabbaci, amma sai an san lissafin abin da za a sarrafa, alhali abubuwa da yawa, irin jikin ɗan'adam ko cunkoson motoci, sun fi ƙarfin lissafin da aka rubuta da hannu. Koyon na'ura yana iya aiki ba tare da wannan lissafin ba, sai dai alkawarinsa na "galibi" ne. Manhajar da ke gane hoto sau 99 cikin 100 ta yi ƙoƙari. Jirgin da ke sauka lafiya sau 99 cikin 100, babu mai hawansa. Akwai kuma wata matsalar: hoton kyanwa ba ya canzawa don kwamfuta ta kira shi kare, amma motar da ta murɗa sitiyari ba daidai ba ta canza duk abin da za ta gani a daƙiƙa ta gaba. Kuskure yana haifar da sabon yanayi, sabon yanayin ya haifar da wani kuskuren.

Inda aka gwada

A watan Fabrairun 2022 mujallar Nature ta wallafa wani aiki na haɗin gwiwa tsakanin kamfanin DeepMind da cibiyar binciken filasma ta jami'ar EPFL da ke Lausanne a Suwizalan. A can akwai wata na'ura mai suna TCV, mai siffar zobe, inda ake riƙe iskar gas mai zafin miliyoyin digiri da ƙarfin maganaɗisu, a ƙoƙarin samar da makamashi irin na rana. Wannan iskar ba ta zama wuri ɗaya, kuma in ta taɓa bangon na'urar gwajin ya lalace. Masu binciken sun horar da manhaja a cikin kwaikwayon kwamfuta, sannan suka miƙa mata linzamin naɗe-naɗen maganaɗisu 19. Tana karanta awo tana gyara ƙarfin wuta sau 10,000 a kowace daƙiƙa, kuma ta riƙe iskar a siffofi daban-daban.

A 2023 masu bincike a Jami'ar Zurich suka fito da Swift, ƙaramin jirgi marar matuƙi da ya yi tsere da gwanaye uku na wannan wasa, ya ci 15 cikin tsere 25.

Akwai kuma darussa masu ɗaci. A watan Maris na 2018 wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura keke a garin Tempe na jihar Arizona, ta mutu. Binciken hukumar kula da haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta yi ta canza shawara a kan mene ne abin da ke gabanta, ta kasa hasashen inda za ta nufa. Faɗuwar jiragen Boeing 737 MAX biyu, na Lion Air a Oktoban 2018 da na Ethiopian Airlines a Maris na 2019, ta ci rayuka 346, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi na Najeriya. Babu koyon na'ura a wannan lamarin. Tsarin sarrafawa ne da ya dogara da na'urar awo guda ɗaya, da ta ba da labarin ƙarya sai ya yi ta danna hancin jirgin ƙasa. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa gwamnatoci da kamfanoni ke zuba kuɗi a binciken da zai haɗa iya koyo da tabbacin tsaro.

Tambayoyin da ke jiran masu bincike

Digirin digirgir amsa ce ga tambayar da ba a riga an amsa ba, kuma a nan tambayoyin suna da yawa. Ta farko: ta yaya na'ura za ta koya ta hanyar gwaji ba tare da ta yi gwajin da zai rusa ta ba? Manhajar da ke koyon wasan dara tana iya faɗuwa sau miliyan, babu asara. Matatar mai ba ta da wannan damar. Ta biyu: yaya za a cike giɓin da ke tsakanin kwaikwayon kwamfuta da duniyar zahiri, inda akwai ƙura da iska da tsatsa? Ta uku: za a iya tsara mai sarrafawa kai-tsaye daga bayanan awo ba tare da an rubuta lissafin injin ba? Masu bincike a jami'ar ETH Zurich sun farfaɗo da wani sakamako na Jan Willems da abokan aikinsa na 2005, suka gina hanyar yin hakan a 2019, kuma ɗalibai da yawa suna aiki a kanta.

Wutar lantarki wani babban fage ne. Manyan injinan tashoshin ruwa da na gas suna da nauyi, nauyin nan kuma yana rage girgiza idan wani abu ya faru a layi. Farantan sola da batura ba su da abin da ke juyawa, sai manhaja ta yi aikin. Ɗaukewar wutar da ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu ranar 28 ga Afrilun 2025 ta ƙara jawo hankali ga wannan bincike. A ɓangaren lafiya akwai na'urar da ke auna sukarin mai ciwon suga ta kuma zuba masa insulin da kanta, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta ta farko a 2016. Jikin kowane mutum daban yake, don haka na'urar tana bukatar ta koyi mai ita ba tare da ta jefa shi cikin haɗari ba.

Tun 2019 masu wannan mahaɗa suka samu taronsu na shekara-shekara mai suna L4DC, wanda aka fara a jami'ar MIT.

Ina guraben suke?

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙasashe irin su Suwidin da Holan da Norwe da Denmak da Suwizalan, mai digirin digirgir ma'aikaci ne. Jami'a takan tallata gurbin kamar yadda ake tallata aiki, a yi intabiyu, wanda ya ci ya samu albashi da hutun shekara, galibi kuma ba ya biyan kuɗin makaranta. A Suwidin karatun shekara huɗu ne, ya kai biyar in an haɗa da koyarwa, albashin farko kuma a fannin injiniya ya haura kurona 30,000 a wata kafin haraji. Ƙasar tana da tsohon tarihi a fannin: Karl Johan Åström ya kafa sashen kwantirol na Jami'ar Lund a 1965. A 2015 gidauniyar Wallenberg ta ƙaddamar da shirin WASP, wanda ke ɗaukar nauyin ɗaruruwan masu digirin digirgir a jami'o'in Lund da KTH da Chalmers da Linköping da Umeå.

A Holan akwai jami'o'in Delft da Eindhoven. A Jamus akwai cibiyar Max Planck ta na'urori masu basira a Tübingen da Stuttgart, wadda ke da shirin haɗin gwiwa da ETH Zurich. Shirin ELLIS na ƙasashen Turai yana karɓar takardar nema guda ɗaya a ƙarshen shekara, ya haɗa ɗalibi da malamai biyu a ƙasashe biyu. Shirin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, sharaɗinsa shi ne kada mai nema ya zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Akasarin waɗannan guraben ana samun tallarsu a dandalin EURAXESS.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi, Faransa tana da kwantiragin shekara uku, da cibiyoyi irin su Inria, da LAAS a Toulouse, da GIPSA a Grenoble. A Birtaniya mafi ƙarancin alawus na hukumar UKRI a shekarar karatu ta 2025/26 fam 20,780 ne, kuma tun 2021 aka yarda baƙi su samu har kashi 30 cikin 100 na guraben. Akwai kuma tallafin Commonwealth da Gates Cambridge. A Amurka karatun yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida, ana rufe karɓar takardu a Disamba, ana iya shiga da digirin farko kawai, kuma ɗalibi yana samun kuɗi ta hanyar taya malami koyarwa ko bincike. Jami'ar KAUST ta Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009, da MBZUAI ta Abu Dhabi, wadda aka kafa a 2019, suna ba waɗanda suka ɗauka cikakken tallafi.

Gasar tana da zafi. Gurbi ɗaya yakan jawo masu nema daga nahiyoyi da dama, kuma dokokin biza suna canzawa daga shekara zuwa shekara.

Guzurin da ake nema

Lissafi ne kan gaba. Aljabarar matiris, kalkulas, lissafin yiwuwa da ƙididdiga, da lissafin zaɓen mafita mafi kyau cikin mafita masu yawa. Bayan su sai iya rubuta manhaja da Python ko MATLAB. Shi ya sa ƙofar ba ta masu injiniyan lantarki kaɗai ba ce: wanda ya karanta lissafi zalla, ko fiziks, ko ƙididdiga, ko injiniyan kanikanci ko na sinadarai, duk yana da wurin shiga. Ba kamar horar da manyan manhajojin harshe ba, wanda ke cin kwamfutoci na miliyoyin daloli, babban ɓangare na wannan bincike da takarda da biro da laftof ake yinsa.

Malamai sun fi son su ga abin da ɗalibi ya taɓa yi da hannunsa. Akwai wani gwaji da kusan kowane ɗalibin fannin ya sani, wanda yaran unguwa ma suna yin irinsa: a tsayar da sanda a tafin hannu, a yi ta motsa hannun don kada ta faɗi. A ɗakin gwaji ana kafa sandar a kan ƙaramin keke mai inji. Ɗalibin da ke shirin nema zai iya kwaikwayon wannan a laftof ɗinsa. Ya fara rubuta lissafin motsin, ya tsara mai sarrafawa irin na littafi, ya ga sandar ta tsaya cak. Sannan ya goge lissafin, ya bar manhajar koyo ta gwada da kanta, ya ƙirga sau nawa sandar ta faɗi kafin ta iya. Daga nan ya ƙara wa sandar nauyi, ko ya sa awon ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya duba wanne cikin biyun zai fara ƙwacewa. Shafi huɗu na bayanin abin da ya gani, da manhajar a dandalin GitHub, sun fi jerin takardun halartar bita tasiri a idon farfesa.

Haka wasiƙar neman gurbi. Wadda ta fara da kirari da yabon farfesa, ta ƙare da roƙon taimako, ba kasafai ake amsa ta ba. Wadda ta ambaci wata maƙalarsa, ta faɗi abin da mai wasiƙar ya gwada a kanta da inda ya maƙale, ita ake karantawa har ƙarshe. Sauran kayan su ne sakamakon karatu, da wasiƙun shaida biyu ko uku daga malaman da suka san aikin mutum da gaske, da jarrabawar IELTS ko TOEFL inda aka nema. Littattafan farawa ma ba sai an saya ba: na Åström da Richard Murray a kan kwantirol, da na Stephen Boyd da Lieven Vandenberghe, da na Sutton da Barto, duk marubutan sun sa su kyauta a intanet.

Daga nan gida

Akwai matakalar da za a taka ba tare da an bar Afirka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da karatun gaba da digirin farko a injiniyan kwantirol, Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen mekatironiks. Cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu da cikakken tallafi, kuma ɗalibanta da yawa daga nan suke wucewa digirin digirgir. Taron Deep Learning Indaba, wanda aka fara a Johannesburg a 2017, wuri ne da ɗalibai ke haɗuwa da malaman da za su iya ɗaukarsu. A Najeriya hukumar PTDF tana ba da tallafin karatu a waje a fannonin da suka shafi makamashi.

Matsalolin da fannin ke magancewa kuwa ga su a ƙofar gida. Sau da yawa idan aka ji labarin babban layin wutar Najeriya ya faɗi, abin da ya faru ɗan'uwan hakin janaretan nan ne a babban sikeli: wutar da tashoshi irin su Kainji da Shiroro ke bayarwa ta kasa daidaita da wadda ake ja, bugun layin ya kauce wa 50 a daƙiƙa, injina suka kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka suna bukatar manhajar da za ta yi hasashen gajimare da bukatar mutane, ta san lokacin cajin batir da lokacin kunna dizal. Magudanan noman rani irin na Kadawa, da ke shan ruwan madatsar Tiga, suna da takwarori a jihar Victoria ta Ostireliya, inda masu bincike na Jami'ar Melbourne suka taimaka aka sa ƙofofin ruwa suna buɗe kansu gwargwadon bukatar gonaki.

Wanda ya kammala yana da zaɓi tsakanin koyarwa a jami'a da aiki a kamfanonin motoci, jiragen sama, wutar lantarki, magunguna ko hada-hadar kuɗi. Lars Blackmore, wanda ya jagoranci aikin lissafin saukar rokar Falcon 9 ta SpaceX, wadda ta fara dawowa ƙasa a tsaye a Disambar 2015, digirin digirgir ya yi a MIT a kan sarrafa na'urori cikin rashin tabbas.

Mai niyyar farawa a shekarar karatu mai zuwa ya sani cewa manyan shirye-shiryen Amurka da na ELLIS suna rufewa tsakanin Oktoba da Disamba, guraben Suwidin da Holan kuwa suna fitowa a kowane wata. Shekara guda kafin nan ya kamata a ce ya buɗe littafin aljabara, ya fara gwajin sandarsa, ya kuma sanar da malaman da za su rubuta masa shaida.